Fumfunar Lakar Kogi

Dakta ta murɗa makullin, ta sake murɗawa, ya ƙi juyawa. Sai da ta jingina sandarta da bango ta sunkuya sannan ta ga ashe kwaɗon ba nata ba ne. Sabo ne fil, ƙofar ma an shafa mata farin fenti, warinsa har yana hawa kai.

Makonni ta yi a kwance bayan tiyatar da aka yi mata a ƙugu, yau ce ranarta ta farko da dawowa jami'a. Likita ya so ta ƙara hutawa, ita kuwa ta ƙi, domin lokacin dashen fumfunarta ya yi har ya gota.

Sakatariyar sashen ta hango ta daga ƙarshen baranda, ta taho da sauri tana yi mata ya jiki, idonta na kauce wa nata. Ta ce ai ɗakin gwajin ya bar hannun Dakta. Kamfanin sarrafa nama da ke bakin kogi ne ya gyara shi kyauta, kuma yau da yamma za a yi bikin buɗe shi.

"Kayana fa?" in ji Dakta.

"Suna sito, ƙarƙashin bene."

"Na cikin firjina fa?"

Sakatariya ta dubi farcenta. "Firjin yana ciki, Dakta. Kayan ne aka fitar."

Wanda bai san aikin ba, sai ya ce mene ne abin tayar da hankali a kan fumfuna, abin da ke ɓata burodi a jefar. Ɗalibai ma haka suke cewa a shekararsu ta farko, suna kiranta Uwar Laka a bayan idonta. Amma tun tana da ƙuruciyarta take shiga kogin nan har gwiwa tana ɗebo lakar ƙasansa. A wancan lokaci cokali ɗaya na lakar sai ya tsirar mata da fumfuna iri-iri, fara kamar auduga, koriya, rawaya, da wata mai ruwan hoda da ba ta taɓa gani a ko'ina ba. Su ne ke cin ruɓaɓɓen ganyen da ya nutse, su tausasa shi, ƙananan halittun ruwa su ci, kifi ya ci su. Da kamfanin ya kafa bututunsa ya fara sako jini da kitse da dattin tumbi, sai ruwan ya rasa iskar da ke cikinsa, lakar ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Fumfunar ta riƙa ɓacewa iri bayan iri, har ya rage saura wata baƙa mai son ƙazanta, wadda ita kam ta samu duniya, take ta yaɗo. Waɗanda suka ɓace daga kogin babu inda suka saura sai cikin 'yan siraran kwalaben Dakta. Duk bayan 'yan watanni sai ta dasa kowacce a sabon abinci, in ba haka ba ta mutu.

Doka ɗaya ce a ɗakinta, kuma kowane ɗalibi ya sha faɗa a kanta: kwalaben tsohon kogi firjinsu daban, farantan gilashin da ke ɗauke da baƙar fumfuna nasu daban, a naɗe da salatif. Baƙar ba ta da kunya. Ƙurarta kaɗan ta isa.

Ta sauka benen tana dafa bango, kowane taki sai ƙugun ya amsa. Siton babu taga, zafi kamar gidan burodi. A bayan karyayyun kujeru ta tarar da wani tsohon firji da ya daɗe da mutuwa, wayarsa a naɗe a kansa, ƙofarsa an tokare ta da bulo. Tana janye bulon warin ya buge ta.

An zuba komai wuri ɗaya, yadda ake zuba kwanukan wanke-wanke. Farantai a kan kwalabe, kwalabe a kan farantai, wasu sun fashe, wasu murfinsu ya zame. Baƙar ta bi bangon firjin, ta hau audugar da aka toshe bakin kwalaben da ita, ta ratsa ta shige. Dakta ta jawo wata kujera mai ƙafa uku ta zauna, ta fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana haska su da fitilar wayarta. Farar nan ta tafi. Rawayar ta tafi. Kowace kwalba ta ɗaga, takardar jikinta na faɗin wani suna daban da rubutun hannunta, cikinta kuwa abu ɗaya ne, baƙi ƙirin. Ta ci gaba da ɗagawa tana ajiyewa a gefe.

Can a lungu, ƙarƙashin wani tsumma, ta ci karo da guda ɗaya mai murfin murɗawa. Mai ruwan hodar ce. Baƙar ta samu shiga, ga ɗigonta nan a kusa da baki, amma daga tsakiya zuwa ƙasa hodar na nan tas. Dakta ta daɗe tana kallonta. In ta yanko ɗan guntu daga ƙasan ta dasa a sabon abinci yau, za ta iya rayuwa. In aka kai gobe, sai dai labari. Kuma aikin ba ya yiwuwa sai a cikin akwatin gilashin nan mai tace iska, da tukunyar tururin da ake dafa abincin, da garin abincin kansa, duk kuwa suna bayan ƙofa mai sabon kwaɗo.

Ta naɗe kwalbar a hankici ta nufi ofishin Shugaban Sashe.

Shugaban nan ɗalibinta ne a da. Ita ta koya masa riƙe allurar dashe, tare suka sha shiga kogin yana riƙe mata bokiti. Yanzu ya yi tumbi, ya zama farfesa kafin ita, turarensa na isa wuri kafin shi. Yana ganinta ya miƙe da fara'arsa har kunne, ya zagayo ya ja mata kujera, yana Mama sannu, Mama ya ƙarfin jiki, me ya fito da ke ba ki gama warkewa ba. Ta ajiye hankicin a kan teburinsa ta buɗe.

Ya dubi kwalbar daga nesa, bai taɓa ba. Ya ce wallahi abin bai yi masa daɗi ba, leburori ne, ka ce su kwashe kaya sai su kwashe maka har da mutunci. Ya ce ya so ya kira ta, sai ya ga mara lafiya ba a ɗora masa damuwa. Ƙarya yake yi, kuma ya san ta sani, shi ya sa ma bai wahalar da kansa wajen gyara ta ba.

"Makullin nake so," in ji ta. "Yau."

"Ai naki ne, Mama. Baƙi na tashi zan damƙa miki da hannuna."

Ta ce abincin fumfunar sai ya dahu ya huce, in aka jira baƙi su tashi dare ya yi. Ya ɗan yi tunani yana kaɗa biro, sai ya ce to ga shawara, a bar Auta ta shiga yanzu ta dafa, ta zuba a farantai ta jera a cikin akwatin, Mama na shiga sai dashe kawai. Auta ita ce ɗalibar Dakta ta ƙarshe, tunda ritayarta ta kusa, shi ya sa kowa ke kiranta haka. Dakta ta ji wani sanyi a ranta, har ta kusa yi masa godiya.

Sannan ya kawo tasa buƙatar, a hankali, kamar mai roƙon gishiri. Ya ce mutane na ta surutu a kan kogin, 'yan jarida za su zo, mai kamfani kuma ba ya son a ɓata masa rana. Zai ɗauko faranti ɗaya daga sito, irin na lakar gindin bututu, ya nuna musu. Ita abin da za ta yi kaɗan ne. Za a tambaye ta ko daga lakar kogin abin ya tsiro, ta ce e. Za a tambaye ta ko ya fi da yawa, ta ce e.

"Akwai ƙarya a ciki, Mama?"

"Ka san abin da ke ciki."

"Na sani. Shi ya sa nake so ya fito daga bakinki. Ni in na faɗa, cewa za a yi an saye ni."

Ta ce masa yawa daban, iri daban, kuma wannan shi ne darasin farko da ta koya masa. Ya ce ƙwarai, kuma ba wanda zai hana ta koyar da shi a aji ranar Litinin. Ya dubi agogonsa, ya dubi kwalbar, ya ce shi dai a ganinsa ɗigon nan kamar ya fi ɗazu girma. Ta naɗe hankicinta ta tashi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, shi kuwa ya ɗaga waya ya ce a buɗe wa Auta ɗaki.

Auta ta zo mata da ido jawur. Ta ce ranar da aka kwashe kayan an tura ta sa ido a jarrabawa, da ta dawo aka ce mata an kai su wani firji mai kyau a wani gini, kuma makullin siton sai jiya aka sake shi. Dakta ta ce ta bar kuka ta je ta yi aiki. Yarinyar ta leƙo daga baya ta ce garin abincin saura ɗan kaɗan a gindin gwangwani, ba zai wuce 'yan farantai ba, sabo kuwa in an yi oda sai an yi wata ana jira. Dakta ta ce faranti ɗaya ma ya ishe ta.

An kafa rumfa a filin gaban ginin, an jera kujerun roba, an ajiye kuloli cike da lemo. Dakta ta ɗebi ƙanƙara daga ciki ta zuba a kofin shayinta, ta tsayar da kwalbar a tsakiya, ta rungume kofin a cinya. An ce ƙarfe biyu, mai kamfani bai iso ba sai da inuwa ta juya. Da ya iso kuma kowa sai da ya yi jawabi. Wannan ya gode wa wancan, wancan ya gode wa wannan, lasifika na kuka, rana na dukan rumfar. Ƙanƙarar ta narke, ta aika a ƙaro, aka ce ta ƙare.

Shugaba ya tashi da farantin a hannu, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ci kofi. Baƙar ta cika shi har tana taɓa murfi. Ya ce ana ta cewa kogi ya mutu, to ga abin da cokali ɗaya na lakarsa ya haifar, kuma ba shi zai ba da shaida ba, ga uwarsu nan, wadda ta ba kogin nan ƙuruciyarta. Aka tafa. Aka kawo mata abin magana har kujerarta saboda ƙafa.

Wani ɗan jarida ya tambaya ko daga lakar gindin bututun kamfani wannan ya tsiro. Ta ce e. Ya ce ko abin da ke tsirowa yanzu ya fi na shekarun baya yawa. Ta ji ruwan kofin yana jiƙa mata zane. Ta ce e.

"Wato kogin yana da rai ke nan, Dakta?"

Wannan ba ta cikin yarjejeniya. Ta ɗaga ido ta ga Shugaba na murmushi, hannunsa ɗaya cikin aljihu yana wasa da makulli, tana jin ƙararsa daga inda take. A bayan rumfar Auta na tsaye, wadda ta shekara biyu tana rubuta akasin haka.

"Yana da rai," in ji Dakta.

Tafin ya fi na farko. Mai kamfani ya taso da kansa ya rusuna ya gaishe ta, ya ce irin su ake nema a ƙasa, masu faɗin gaskiya ba tsoro. Da ta sake duba bayan rumfar, Auta ba ta nan.

Daga nan aka ɗunguma zuwa sama don yanke ƙyalle. Ita ba ta iya bin tururuwar ba, sai ta zauna a gindin bene tana jin takunsu da dariyarsu a kanta. Sun daɗe. Ta ji ana tafi, a yi shiru, a sake tafi, ta rasa me ake ta tafa wa a ɗaki ɗaya. Sai da motoci suka fara tashi sannan Shugaba ya sauko yana share gumi, ya sa mata makullin a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai da hannayensa biyu. Ya ce alkawari ya cika.

Ɗakin ya yi kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. An sa tayil, an sa labule, firjinta na tsaye a wanke tas, babu komai a cikinsa sai lemon da ya rage. Ta wuce kai tsaye wurin akwatin gilashin. Fitilarsa a kunne, ƙofarsa a ɗage, injin tace iskar kuwa a kashe, don kada ƙararsa ta dami masu ɗaukar magana.

Farantin baƙar fumfunar na zaune a tsakiyar akwatin, a buɗe, murfinsa a gefe. Farantan da Auta ta dafa suna kewaye da shi, kowanne an yi masa zane da allura, kowanne an rubuta sunan wani babban baƙo a murfinsa. Abin da ake ta tafa wa ke nan. An ba mai kamfani allura ya ɗebi baƙar ya shafa a sabon abinci ana ɗaukar hoto, sai na kusa da shi ma ya ce zai gwada, sai na bayansa. Ba su bar ko ɗaya ba. Baƙar ƙurar ta bi farin ƙasan akwatin, ana ganinta da ido.

Lebura zai iya yin wannan da rashin sani. Shugaba kuwa, lokacin yana ɗalibi, ya taɓa buɗe irin wannan farantin a cikin wannan akwatin, ta sa shi ya maimaita aikin shekara guda, ta kuma faɗi dalili a gaban 'yan ajinsu. A duk ginin nan babu wanda ya fi shi sanin abin da ya aikata.

Ta zaro kwalbar daga kofin ta ɗaga ta saitin taga. Zaman rumfar ya yi nasa aikin. Tsakanin zafi da ƙanƙara cikin kwalbar ya yi gumi, ɗigon ruwa ya taso daga baki ya gangara, ya ja siririn layi mai toka-toka ta tsakiyar hodar har ƙasa. Ta juya ta ta kowane gefe tana neman wurin da bai taɓa ba. Ta sa tabarau ta sake nema.

Turaren Shugaba ya shigo, sannan shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kash, ai bai lura sun cinye farantan duka ba, manyan mutane in suka ga abin wasa sai su koma yara. Ya tambaya ko an dace. Ba ta juyo ba.

"Kada ki sa wa ranki damuwa, Mama," in ji shi. "In ƙafa ta yi kyau sai ki koma ki ɗebo wata. Kogin yana nan, kuma yana da rai. Gobe ma za ki ji a rediyo."

Ya ce in ta gama ta kashe fitila, ta bar wa mai gadi makullin.

Ta saurari takunsa har ya ɓace. Sannan ta rataye sandarta a jikin tebur, ta sa safar hannu. Abin da ya gurɓata ba a barinsa ya kwana a ɗakin gwaji, sai an kashe shi da tururi, haka ta koya wa kowa. Ta rufe babban farantin, ta tattara na baƙin da sunayensu, ta jera su a cikin tukunyar tururi. Ta sassauta murfin kwalbar kaɗan yadda ake yi don kada ta fashe, ta samar mata wuri a tsakiyarsu ta tsayar da ita. Ta zuba ruwa, ta ɗaure murfin tukunyar, ta kunna.

Ba a tafiya a bar tukunyar tururi ita kaɗai, don haka ta jawo kujera ta zauna tana jira ta tafasa.